Tsofaffin finafinan Indiya a faifai: wane bugu ne ya cancanci a saya a ajiye?

Magajin Kaset

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tara tsofaffin finafinai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana akwatunan ƙarfe biyu cike da kaset-kaset na bidiyo, mafi yawansu finafinan Indiya ne da ya fara kallo a silimar Plaza da ta Orion a Kano tun yana saurayi, daga baya kuma ya riƙa sayensu ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Ƙofar Wambai. Da na buɗe akwatunan bara bayan wucewar damina, sai na tarar fumfuna ta kama fiye da rabinsu, sauran kuma ko na sa su a tsohuwar bidiyon da ta rage mana, hoton rawa yake yi, murya tana ɗaukewa tana dawowa. Wannan ya sa na ƙudiri niyyar sake tara waɗanda ya fi so a faifai, domin 'ya'yana su ga abin da kakansu yake zama ya kalla bayan sallar isha'i.

Gwajina na farko bai yi daɗi ba. Na sayi faifan DVD na wani fim marar launi da na sani tun ina yaro, kwalinsa yana ƙyalli, an kuma rubuta a kai cewa an gyara hoto da sauti. Da na sa, hoton ya cika allon talabijin kamar fim ɗin bana, amma kawunan mutane a yanke suke, tambarin kamfanin yana zaune a kusurwa tun daga farko har ƙarshe, sannan waƙoƙi biyu da na haddace tun daga kaset ɗin Baba babu su babu dalilinsu.

Yanzu ƙanina da ke karatu a Ingila zai zo hutu, ya kuma ce in rubuta masa sunayen waɗanda nake so ya sayo. Ya turo mini hotunan bugu uku na fim guda, kowanne da farashinsa, tsawon lokacin da aka rubuta a bayan kwalayen kuma ya bambanta da kusan minti 20. Tambayata ita ce, me masu tarawa suke dubawa kafin su sayi bugu? Shin akwai amfanin sayen Blu-ray don fim ɗin da ya haura shekara 60? Kuma kaset-kaset ɗin da suka rage, in zubar ne ko in ajiye?

Tsohon Mai Majigi

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, na yi shekaru ina haska fim a silima kafin bidiyo ta kashe mana kasuwa, saboda haka zan yi magana a kan hoto, in bar wa wasu zancen sauti.

Tambayar farko da mai tarawa yake yi ita ce daga ina aka ɗauko hoton da ke cikin faifan, domin sunan faifan, DVD ne ko Blu-ray, mazubi kawai yake nunawa. Fim na da a kan zare mai faɗin milimita 35 ake ɗaukarsa. Zaren da ya shiga cikin kyamara ranar ɗauka shi ne ainihin dodon fim ɗin, kamar dai dodon hoto da masu ɗaukar hoto suke ba mu a ambulan. Daga jikinsa ake wanke kwafi na tsakiya, daga wannan a sake yin wani dodon, sai daga shi a wanke waɗanda ake raba wa silimomi, kuma kowane mataki yana rage wa hoton kaifi. Kwafin da yake iso mana ya riga ya zaga garuruwa, ya sha ƙarce, kuma duk inda ya tsinke a majigi mu da kanmu muke datse wurin mu liƙa, don haka yana tafiya yana raguwa. Faifai da yawa na tsofaffin finafinan Indiya daga irin wannan gajiyayyen kwafi aka ɗauke su, wasu ma daga kaset ɗin da aka yi wa gidan talabijin shekaru da dama da suka wuce. Idan aka zuba wannan a Blu-ray, ba abin da ya ƙaru sai farashi.

Amma idan aka koma ga ainihin dodon aka ɗauki hotonsa sabo da na'ura, gida-gida, wato kowane ƙaramin hoto na jikin zaren shi kaɗai, to nan Blu-ray yana da amfani ƙwarai, kuma tsufan fim ba ya hana shi. Zaren milimita 35 yana riƙe da abin da ya fi ƙarfin DVD nesa ba kusa ba. DVD irin namu ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, Blu-ray kuwa, wanda ya fito a 2006, yana da 1920 da 1080. Fim ɗin 1957 da aka adana dodonsa da kyau zai iya fitowa ka ga saƙar sarin da mace ta ɗaura, abin da ko mu a ɗakin majigi ba mu taɓa gani ba. Kamfanonin da suka san aikinsu sukan rubuta a bayan kwali ko a ɗan littafin da ke ciki daga wane zare aka ɗauka, a wane ɗakin gyara, a wace shekara. Wanda ya rubuta maka "an gyara" kawai ya yi shiru, ka bar masa kayansa.

Bari in ba ka misalin aikin gaskiya. A 1993 gobara ta tashi a wani ɗakin wanke fim a Landan, ta ƙona dodannin finafinan Satyajit Ray guda uku na labarin Apu. An kwashe ragowar an ajiye a ma'ajiyar finafinai ta Academy, masu ba da kyautar Oscar a Amurka, ba tare da sa ran za su yi amfani ba. Bayan shekara 20 kamfanin Criterion ya ɗauko su ya kai ɗakin gyara na L'Immagine Ritrovata a birnin Bologna na Italiya, inda aka riƙa laushe zaren da ya ƙandare, ana gyara ramukan gefensa da hannu. A ƙarshe kimanin kashi 40 cikin 100 na Pather Panchali da fiye da kashi 60 na Aparajito daga ainihin dodon aka same su, sauran aka cike daga wasu kwafi, aka fitar a 2015, kuma ba su ɓoye wa mai saye ko ɗaya daga cikin wannan bayani ba. Na san ba irin finafinan da mahaifinka ya kalla a Plaza ba ne, amma da wannan mudu ake auna sauran.

Yankan kai da ka gani kuwa, dalilinsa siffar hoto ce. Mafi yawan finafinan Indiya na shekarun 1950 da 1960 hotonsu kusan murabba'i ne, faɗinsa 1.37 idan tsayinsa 1 ne. Talabijin na yanzu 1.78 ne. Domin a cika allo kada mai saye ya ce an cuce shi da baƙi a gefe, sai a yanke sama da ƙasa, a zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. A zamanin kaset akasin haka aka yi wa finafinai masu faɗi irin Kaagaz Ke Phool na 1959, wanda shi ne na farko da Indiya ta ɗauka da tsarin CinemaScope: akan datse gefe da gefe domin su shiga tsohuwar talabijin, fiye da kashi 40 cikin 100 ya tafi, ka ga mutum yana magana da wanda ba ya cikin hoto. Saboda haka idan ka sa tsohon fim ka ga baƙi a dama da hagu, wannan alamar an mutunta shi ce, kada kuma ka bar yara su danna rimot su miƙe shi.

Abu na ƙarshe shi ne yashi-yashin da ake gani yana motsi a jikin hoto. Wasu suna ɗauka datti ne, alhali da waɗannan ƙananan ƙwayoyi aka gina hoton kansa. Kamfanin da ya goge su da kwamfuta yakan goge har da gashin gira da ramukan fata, fuskar jarumi ta koma kamar ta 'yar tsanar roba. Har yau masu tarawa a Turai da Amurka suna ba da misali da bugun Blu-ray na Predator da aka fitar a 2010, inda aka yi garin neman gira aka rasa ido. Irin wannan ne ake yi yanzu a intanet da ƙirƙirarriyar basira, a ɗauki kwafin VCD a shafe shi a rubuta masa 4K.

Mai Son Tsohuwar Waƙa

Sannu da ƙoƙari, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗora a kan abin da ya fi ci wa mai tambaya tuwo a ƙwarya, wato waƙoƙin da suka ɓace da kuma bambancin mintuna, domin a fim ɗin Indiya wanda ya cire waƙa ya cire babi guda daga labarin.

Malam, ba duk bambancin tsawo ne yake nufin an yanke wani abu ba. Fim a silima gida 24 yake wucewa a daƙiƙa guda, tsarin talabijin na PAL kuwa, wanda Nijeriya da Indiya da Ingila suke bi, 25 ne. Maimakon a wahala, sai a ƙara wa fim ɗin gudu da kimanin kashi 4 cikin 100, don haka fim mai minti 180 yakan dawo kusan 173 a kaset ko DVD ba tare da an taɓa ko gida ɗaya ba. Illar ita ce muryar mawaƙiya tana ɗan ƙara siranta, kuma da yawanmu da wannan muryar muka girma, har idan muka ji ta ainihi a Blu-ray sai mu ga kamar ta yi nauyi. Idan bambancin da ka gani minti 7 ko 8 ne, wannan ne. Idan ya kai 20, an sa almakashi. A zamanin VCD abin ya fi muni, domin faifai ɗaya bai wuce ɗaukar minti 74 zuwa 80 ba, fim mai awa 3 yana buƙatar faifai uku, mai son ya sayar da biyu kuwa waƙa yake fara sarewa. Na sha sayen DVD in tarar daga wancan yankakken kwafi aka juyo shi.

Dangane da sauti, abin da nake nema shi ne a bar mini na asali. Tsofaffin finafinan nan sautinsu ta hanya ɗaya yake fita, amma sai kamfani ya ga kwali ba zai saye ba sai an rubuta 5.1, wato sauti mai fita ta lasifika shida, ya ƙara amsa-kuwwa, wani lokaci ma ya ɗora sabuwar ganga ko sabuwar ƙarar bindiga. Ban hana su yi ba, in dai za su ajiye na asalin a gefe mai kallo ya zaɓa. Haka nan fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto: faifai da yawa suna fassara magana, da an fara waƙa sai rubutu ya ɗauke, alhali a cikin waƙar budurwa take faɗin abin da ba za ta iya faɗa a gaban mahaifinta ba. Ka ce wa ƙaninka ya bincika wannan musamman, ya kuma duba ko fassarar ana iya kashe ta ko a ƙone take a jikin hoto.

Akwai inda na san ni da Baba ba za mu daidaita ba, wato zancen sa wa fim launi. Mughal-e-Azam ya fito a 1960 mafi yawansa marar launi, in ban da wasu sassa kaɗan, ciki har da shahararriyar rawar nan ta ɗakin madubai, waɗanda aka ɗauka da launi tun asali. A 2004 aka sake fitar da shi an rina shi gaba ɗaya da kwamfuta, aka sabunta kiɗan, aka kuma rage kimanin minti 20. Masu tsattsauran ra'ayi sun ce ɓarna ce. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, da wannan bugun na samu 'ya'yana suka zauna suka kalla har ƙarshe, abin da ba su taɓa yi wa fim marar launi ba. Inda na yarda da masu suka shi ne, idan duk fim ɗin ya zama mai launi, shigowar waccan rawa ba ta ƙara girgiza mai kallo kamar yadda ta girgiza mutanen 1960, waɗanda suka yi awa guda da wani abu cikin fari da baƙi sannan launi ya faɗo musu kwatsam. Don haka bugun da ya haɗa duka biyun shi ne nawa, wanda kuma ya kawo rinannen shi kaɗai ba ya isa a kira shi ajiya.

Wannan ƙorafi ba na masu kallon Indiya kaɗai ba ne. Star Wars na 1977 an sake masa fasali a 1997, kuma da aka ba masoyansa ainihin wanda aka nuna a silima a DVD na 2006, daga tsohon kwafin LaserDisc, wani babban faifai da ya gabaci DVD, aka juyo shi aka liƙa a matsayin ƙari.

Tunda mahaifinka mutumin Plaza ne, da wuya a rasa Sholay a akwatunan nan, fim ɗin da Dharmendra, wanda iyayenmu suke kira Sarkin Ƙarfi, ya fito tare da Amitabh Bachchan. Ya fito a 1975 lokacin dokar ta-ɓaci a Indiya, hukumar tace finafinai kuma ta ƙi amincewa da ƙarshen da daraktan, Ramesh Sippy, ya ɗauka, inda Thakur yake kashe Gabbar, mugun fim ɗin, da kansa, sai aka sake ɗauka 'yan sanda suka zo suka kama shi. A watan Yunin 2025 gidauniyar Film Heritage Foundation ta nuna gyararren kwafi mai ainihin ƙarshen a Bologna. To a nan wanne ne na asali, wanda mai fim ya nufa ko wanda mahaifinka ya kalla ya tafa? Ni dai duka biyun nake so a faifai ɗaya.

Bakanike Sabon Gari

Malam, kafin ƙaninka ya kashe fam ɗinsa, a duba zancen shiyya. An raba duniya shiyya-shiyya domin faifan wata ƙasa ya ƙi yi a na'urar wata. A tsarin DVD Nijeriya da Nijar suna shiyya ta 5 tare da Indiya, Ingila tana ta 2, Amurka ta 1, sai dai mafi yawan na'urorin DVD da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ruwansu da wannan, komai aka sa musu suna ci. Blu-ray ya fi tsauri, kuma rabonsa daban ne: Afirka da Turai suna B, Amurka tana A, Indiya tana C. Ma'ana faifan Ingila zai yi a na'urar da aka sayo daga Ingila, na Amurka mai kulle kuwa zai ƙi. Criterion sun fara fitar da bugun Ingila a 2016, don haka ya nemi mai harafin B ko wanda aka nuna A, B da C duka a bayansa. Faifan 4K, wanda ya fito a 2016, ba shi da kullen shiyya, amma yana buƙatar na'urarsa ta daban. Shawarata ya haɗo da na'urar a cikin kayansa, domin wutarsu ta yi daidai da tamu kuma bakin filoginsu irin namu ne, ka sa mata sitabilaiza.

Kaset mai fumfuna kada ka ƙara sa shi a bidiyo, zai toshe kan na'urar ya kuma shafa wa masu lafiya. Ka riƙe bidiyon nan da kyau, tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera su, duk wadda ta mutu sai dai a cire kayan wata a sa mata. Faifai kuma ba dawwamamme ba ne, musamman wanda aka ƙona a kwamfuta, mai shuɗi ko shunayya a ƙasa, zafin Maris da Afrilu yana gamawa da shi. Wanda aka buga a masana'anta ya fi jurewa. A jera su a tsaye cikin kwalayensu, nesa da taga da jikin bango mai laima.

Magajin Kaset

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba hotunan da ƙanina ya turo, biyu daga cikin bugun uku bambancinsu minti 7 ne, ke nan zancen Hajiya Mai Son Tsohuwar Waƙa ya tabbata, na ukun ne yankakke, kuma shi ne mai kwalin da ya fi kyau. Babu ko ɗaya da ya faɗi daga inda aka ɗauko hotonsa. Wani abin da ban ambata ba shi ne, a ƙasan akwati na biyu akwai kaset-kaset kimanin 30 na finafinan Hausa na farko-farko, da wasu da Baba ya naɗa da kansa daga talabijin ya rubuta musu suna da biro. Ban ɗauke su da muhimmanci ba, da su ma na yi niyyar fara rage kaya.

Ɗalibin Tarihi

Yaya, don Allah ka dakata. Waɗannan 30 ɗin sun fi sauran akwatin duka daraja, kuma zan faɗi dalili.

Finafinan Indiya suna da masu nema musu. Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a birnin Pune tun 1964, wadda P. K. Nair ya ƙare rayuwarsa yana tara mata kaya, akwai gidauniyar da Hajiya ta ambata wadda Shivendra Singh Dungarpur ya kafa a 2014, kuma duk da haka sun yi asara mai yawa, har Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, babu kwafinsa ko ɗaya. Idan kaset ɗin Sholay na mahaifinka ya ruɓe, za ka sami wanda ya fi shi. Namu fa? Masana'antar finafinan Kano, wadda ake lissafa farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, a kan kaset aka haife ta. Babu dodon milimita 35 da za a koma gare shi kamar yadda Baba Mai Majigi ya bayyana. Abin da ake da shi shi ne masta, wato kaset ɗin da aka tace fim ɗin a kai, kuma tsarin kasuwar lokacin shi ne furodusa ya buga kwali ya sayar wa dillali, dillali ya juya kaset ya sa a kwalin. Da fim ya gama kasuwarsa, ba kowa ne yake da dalilin killace masta ba. Sakamakon haka kwafi mai kyau da wani magidanci ya saya sabo, ya kalla sau biyu ya rufe a akwatin ƙarfe, yana iya zama mafi lafiyar abin da ya rage na wannan fim. Na talabijin ɗin da ya naɗa da kansa ma haka, domin gidajen talabijin a ƙasashe da yawa sukan shafe tsohon shiri su naɗi sabo a kan kaset ɗin saboda tsadarsa.

Abin da ya faru da Shaihu Umar ya isa ishara. Adamu Halilu ya ɗauke shi da Hausa a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a tsohon ginin Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan ya tsira ne saboda a kan zare yake, kuma an ci sa'a wani ya buɗe gwangwanayen kafin su gama lalacewa. Kaset ba ya ba da irin wannan dogon wa'adi.

A game da finafinan Hausa, abin da nake so a matsayina na mai tarawa ba shi da yawa, amma ban cika samunsa ba. Ina son a juyo fim daga kaset mafi kusa da masta, a bar shi da siffarsa ta tsohuwar talabijin ba tare da an miƙe shi ba, a bar sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe, a kuma bar tallace-tallacen finafinai masu zuwa da ake sa wa a farkon kaset, waɗanda a da muke wucewa da sauri, yanzu kuwa su ne shaidar finafinan da wasunsu ba a ƙara ganinsu ba. Abin da ake ɗorawa a intanet galibi an lulluɓe shi da tambari da lambar waya, an sare waƙa, an raba shi gunduwa-gunduwa. Da za a sami mai zama da 'yan wasan da suka rage a naɗi bayaninsu a kan fim ɗin, kamar yadda Criterion suka fara a 1984 da King Kong, inda masani yake sharhi fim yana tafiya, da an yi babban aiki, domin waɗanda suka yi Sangaya a 1999 da waɗanda suka gabace su ba ƙuruciya suke ƙarawa ba.

Kada ka raba kaset da kwalinsa, ko kwalin ya yage. Ka ɗauki hoton gaba da baya na kowanne, ka rubuta sunayen a takarda. Idan za a juya zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi na farko yadda ya fito ba tare da an matse shi don ya shiga waya ba, a yi masa ajiya biyu a wurare daban. Sayarwa ko ɗorawa a intanet kuma haƙƙin masu fim ne, sai a neme su.

Tsohon Mai Majigi

Hajiya, zancen rini na ji, amma ina nan a kan bakana, mai ɗaukar hoton ya tsara fitilunsa ne domin fari da baƙi, kwamfuta kuma ba ta san abin da ya nufa da inuwa ba. Sai dai tunda kin ce a haɗa duka biyun, ba mu da faɗa.

Ɗana, ka ware masu fumfunar a leda daban, ka fitar da su daga ɗakin da sauran suke, amma kada ka zubar kafin ka karanta abin da aka rubuta a jikinsu, domin idan akwai na Hausa a ciki akwai masu iya buɗewa su tsabtace zaren a juya shi sau ɗaya. Ka kawo mana sunayen nan 30 tare da abin da mahaifinka ya rubuta da biro. Bugun ukun da ƙaninka ya turo kuma, tunda babu wanda ya faɗi asalinsa, ka ce ya sayo mafi araha daga cikin cikakkun biyun don kallon yara, ya riƙe sauran kuɗin tukuna.